Noelene da Karnukan Clarrie Biyu

Shekara goma sha tara na yi ina riƙe da makullin gidan ajiye karnuka na ƙaramar hukumarmu a Tarragil, kuma a duk shekarun nan babu wanda ya sha mini kai kamar Noelene Treloar. Sunana Des Kearney. Aikina in kama karen da ya ɓata ko aka yar, in kulle shi, in jira mai shi. Idan kwanakin da aka yanka suka cika babu wanda ya leƙo, sai in rubuta sunansa a takardar Juma'a. Ranar Juma'a da ƙarfe goma likitar dabbobi take zuwa da jakarta, ta yi wa duk wanda ke kan takardar allurar da ba a tashi. Ni nake riƙe musu kai. Ban taɓa son aikin ba, amma ban taɓa tura wani ya yi mini shi ba.

Noelene kuwa ranar Alhamis take zuwa, da wata tsohuwar farar mota mai warin kare da sabulu. Gajeriya ce, kakkaura, ta haura sittin, muryarta kuma tun daga bakin titi ake jin ta. Kowa a garin Des yake ce mini, ita kaɗai ce take kirana Desmond, kamar yadda mahaifiyata take yi idan na yi laifi. Tana shigowa sai ta ajiye mini gwangwanin biskit ɗin da ta gasa, ta fizge takardar Juma'a daga kan tebur ba tare da ta tambaya ba, ta karanta da ƙarfi, sunaye ɗaya bayan ɗaya, kamar ni ban san abin da na rubuta ba. Haushi nake ji sosai. Biskit ɗin kuma ina cinyewa.

Asalinta mai dafa wa masu aske gashin tumaki abinci ce. Shekara talatin ta yi tana bin su daga gona zuwa gona, ita da mijinta Lindsay kafin ya rasu. Ta ba ni labarin yadda ta fara wannan harka ta ceton karnuka sau ɗaya tak. Wai wata rana tana fere dankali sai ta hango wani manomi ya ja tsohon karensa bayan rumfa da bindiga a hannu, don karen ya daina iya bin tumaki. Ta fita da wuƙar fere a hannunta, ta ce masa karen da ya yi masa bauta shekara goma ya fi ƙarfin harsashi ɗaya, ya ba ta shi. Mutumin ya ga ba za ta matsa ba, ga kuma masu aski goma sha biyu da ba za su ci abincin rana ba idan ta yi fushi, sai ya miƙa mata igiyar. Daga kare ɗaya aka koma uku. Lokacin da na san ta, bayan gidanta da ke kusa da layin dogo ya zama kejuna, da karnuka goma sha huɗu, iyakar abin da hukuma ta yarda mata ke nan.

Shi ya sa ba ta iya kwashe duka. Alhamis ɗin da ta samar wa biyu gida, biyu za ta ɗauka. Idan ba ta samar wa kowa ba, haka za ta zagaya kejunan, ta shafa kan kowa, ta tafi hannu wofi, ranar ko biskit ba na iya ci a gabanta. Abu ɗaya ne ba ta fasawa. Duk karen da aka yi wa allura, sai ta karɓi abin wuyansa a wurina, ta kai gida ta rataye a wata waya da ta ɗaure a barandarta. Na daɗe ina zaton don ta kunyata ni take yi, har wata rana na faɗa mata haka cikin fushi. Ta ce in daina ɗaukar kaina da muhimmanci, ba ni take tunawa da su ba, karnukan take tunawa.

Tana da wata ɗabi'a da nake yi wa kallon ɓata lokaci. Ba ta ɗaukar karen gona sai ta je ta ga inda ya fito, ko da tafiyar awa biyu ce. Takan ce kare ba ya magana, amma gidansu yana yi. Ni kuwa nakan ce mai ne ya yi mata yawa.

A watan Afrilun shekarar da nake ba da labari, tsoho Clarrie Voss ya faɗi a gonarsa, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya mutu. Shekararsa tamanin da ɗaya, shi kaɗai yake zaune da tumakinsa da karnukan kiwo biyu. Aka kai shi asibiti, daga can aka wuce da shi gidan tsofaffi. Bayan kwana huɗu ɗansa Gavin ya iso daga birni, ya zuba karnukan a bayan motarsa ya kawo mini ranar Litinin. Ya ce a bene yake zaune, ba shi da inda zai sa su. Ya ce maƙwabci ya riƙa watsa musu abinci amma ba su taɓa ba, ƙila kewar tsohon ce. Ya sa hannu a takarda ya tafi. Ban ga laifinsa ba, idonsa jawur yake.

Namijin sunansa Tip, baƙi ne, shekararsa goma sha uku, bakinsa duk furfura. Macen Biddy, ja ce mai tsayayyun kunnuwa, shekara huɗu. Na sa su keji ɗaya, na ajiye musu kwano a ƙasa kamar yadda nake yi wa kowa. Suka kalli kwanon, suka kalle ni, suka kwanta. Ruwa dai suna sha. Na canza abinci, na kawo na gwangwani, na kawo ɗanyen nama, har ragowar gasasshen ragon da matata ta yi na saci yanka biyu na kawo. Na durƙusa na miƙa wa Biddy a tafin hannuna. Miyau yana zuba daga bakinta, jikinta yana rawa, amma sai ta kawar da kai ta kalli bango. Na yi tsaki na ce taurin kai ne irin na mai su.

Alhamis ɗin nan Noelene ba ta zo ba. Shi ne karo na farko a shekara goma sha ɗaya. An kira ta birni za a cire mata yanar ido, wata takwas tana jiran layi ya zo kanta. Ranar Juma'a Tip ya kasa tashi. Likita ta duba shi, ta ce tsoho ne, ya yi kwana tara ba abinci, ƙodarsa ta fara gazawa, kuma tunda su biyun ne suka ƙi ci, tana tsoron wata cuta ce suka zo da ita daga gona. Ta tambaye ni me na gani. Na ce a hutar da shi. Ni na rubuta sunansa, ni na riƙe kansa, ya lashi wuyan hannuna sau ɗaya kafin ya saki jiki. Biddy kuma aka yi mata ƙarin ruwa, likita ta ce a ba ta mako guda. Idan Juma'a ta zagayo ba ta ci ba, ba za a bar ta ta ci gaba da wahala ba, kuma ba za a sallame ta zuwa gidan da ke da wasu karnuka ba.

Makon nan ya yi mini tsawo. Sau biyu aka ƙara mata ruwa. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta daga bakin ƙofa. Ranar Laraba da yamma na rubuta sunanta a takarda, ita kaɗai ce a kai.

Ranar Alhamis sai ga Noelene a motar haya, an manne mata auduga a ido ɗaya, ba biskit. Ta karanta takardar da ɗaya idon, ta ce ina Tip, don ta ji a kanti cewa karnuka biyu aka kawo. Na buɗe aljihun tebur na miƙa mata abin wuyansa. Ta karɓa ta sa a jaka. Ta shiga kejin Biddy ta zauna a kan siminti da ƙyar, ta duba haƙoranta, ta shinshina bakinta, ta taɓa cikinta. Ta daɗe a zaune. Da ta fito sai ta ce in ɗauko makullin mota, za mu gonar Clarrie.

Na ce mata kilomita saba'in ne, ina da aiki, kuma babu abin da za mu tarar a can sai tumaki da ƙuda. Ta ce an hana ta tuƙi na mako biyu, amma idan na ƙi, za ta je gida ta ɗauko motarta ta tuƙa da ido ɗaya, in ta faɗa rami kowa ya san wanda ya jawo. Haka take. Na ɗauko makulli ina ƙunƙuni.

Da muka isa ƙofar gonar na sauka in buɗe, sai ga allon gargaɗi a ɗaure da waya, irin wanda ake sawa idan an zuba nama mai guba don dila da karnukan daji masu cin 'yan tumaki. Ni ne nake raba wa manoma allunan nan duk shekara, kwanan watan da ke jiki ma da hannuna na rubuta. Na wuce shi ban kawo komai a raina ba.

Gidan yana nan yadda Clarrie ya bar shi, takalminsa ɗaya a bakin ƙofa. Noelene ba ta ko kalli gidan ba, ta nufi ƙarƙashin bishiyar da ake ɗaure karnuka. Ga gangunan da suke kwana a ciki, ga sarƙoƙi, ga kwamin ruwa. Ga kuma busasshen abincin da maƙwabci ya watsa, tururuwa sun gama da rabinsa. Ta zagaya wurin sau biyu tana kallon ƙasa, sannan ta tambaye ni ina kwanonsu. Na ce ƙila Gavin ya kwashe. Ta ce mutumin da bai ɗauke takalmin ubansa daga bakin ƙofa ba, ba kwanon kare zai tsaya ɗauka ba. Ta juya ta shiga rumfar da ake ajiye injuna. Ina tsaye a rana ina korar ƙuda na ji muryarta, a hankali, ba yadda ta saba ba.

"Desmond, zo ka gani."

Tsohuwar a-kori-kurar Clarrie ce a ciki. A bayanta, can kusa da gilashi, an ɗaure kwanoni biyu na ƙarfe da ƙusa mai murɗi, ɗaya a hagu ɗaya a dama, an suɗe su har suna ƙyalli. A jikin kowanne an karce suna da ƙusa.

Ta ce ta tuna yanzu. Shekarun baya, tana dafa abinci a gonar da ke maƙwabtaka, Clarrie ya rasa karnuka uku a yini ɗaya, sun tsinci naman guba da hankaka ya ɗauko ya yar a cikin gonarsa. Ya haƙa musu rami da kansa. Tun daga nan ashe ya koya wa duk karen da ya samu, tun yana ɗan kwikwiyo, cewa muddin ƙafarsa na ƙasa ba ya cin komai, ko wa ya ba shi. Abinci a bayan mota yake, nan kaɗai.

"Ba ciwo take yi ba," in ji Noelene. "Biyayya take yi. Jira take a ɗora ta a mota."

Na dafa ƙarfen motar ina kallon kwanon Tip. Ni ɗan gona ne, mahaifina takunkumi yake sa wa karnukanmu duk lokacin zuba guba. Na san tsoron nan, na girma a cikinsa, ni nake raba allunan. Kwana biyar Tip ya yi a hannuna, motata tana tsaye taku ashirin daga kejinsa, ban taɓa tunanin in ɗaga shi ba. Na faɗa wa Noelene haka, na ce ni na kashe shi. Ba ta ce mini a'a ba. Ta ce in nemo abin kwance ƙusa, rana tana yi.

Na kwance kwanonin biyu. A hanyar dawowa na yi gudun da ban taɓa yi da motar hukuma ba, ita kuma ta sa na tsaya a gidanta ta ɗauko dafaffiyar kaza da shinkafa. Da muka isa na ja motar har bakin kejuna. Biddy ta fito tana tangaɗi, ta ga bayan motar a buɗe, kunnuwanta suka miƙe. Ta yunƙura za ta yi tsalle, ƙafafun baya suka ƙi, ta zube. Na sunkuya na ɗauke ta, ba ta fi nauyin buhun da ya kusa ƙarewa ba, na ɗora ta. Ta taka da kanta zuwa kusa da gilashi, ta tsaya ta ɓangaren dama, inda kwanonta yake zama. Noelene ta ajiye kwanon ta zuba cokali biyu kacal.

Ta ci. Ta suɗe kwanon ta ɗago tana kallonmu. Na ce a ƙara mata, Noelene ta buge mini hannu, ta ce so nake in ƙarasa ta da ƙoshi bayan yunwa ta kasa, cikin da ya daɗe a rufe da kaɗan-kaɗan ake buɗe shi. Haka muka zauna a bayan motar har la'asar, cokali biyu duk rabin awa. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Noelene ta yi kamar idonta mai lafiya ma ba ya gani.

Washegari da ƙarfe goma likita ta zo da jakarta. Ta tsaya ta kalli Biddy tana ci a bayan mota, ta saurari bayanin. Ita ma Tip ne a ranta, na gani a fuskarta. Ta karɓi takardar ta soke sunan da kanta, ta mayar da jakar mota ba ta buɗe ba. Noelene ta tafi da Biddy. A gida ta sa aka ajiye mata wata matacciyar a-kori-kura marar taya a bayan kejuna, a kai take ba ta abinci.

Na ɗauka magana ta ƙare. Bayan mako uku, ranar wata Lahadi, Noelene ta tsaya a ƙofar gidana da farar motarta, Biddy a ciki ta fara murmurewa, ta ce in sa riga mai kyau, za mu gaida Clarrie. Na ce ta je ita kaɗai, ni me zan je yi. Ta ce karnuka biyu ya bari, ɗaya za ta kai masa, kuma ba ita ce za ta yi bayanin ɗayan ba. Raina ya ɓaci, na ce mata ba ta da tausayi. Ta ce tana da shi, shi ya sa za ta tsaya kusa da ni.

Mun tarar an fito da shi tsakar gida a keken marasa lafiya, an rufe masa ƙafafu da bargo. Mutumin da na sani yana ɗaga tunkiya da hannu ɗaya ya koma ɗan mitsitsi, bakinsa ya karkace. Biddy ta hango shi tun daga nesa. Ba ta yi haushi ba, ba ta yi tsalle ba, ta je ta zauna ta gefen damansa ta ɗora haɓarta a gwiwarsa. Ya sa hannunsa mai lafiya a kanta, yana wani sauti a maƙogwaro, hawaye yana bin gefen fuskarsa da ya mutu. Noelene ta ba shi labari, ta ce karyarsa ta yi kwana goma sha biyar ba ta karya dokarsa ba, ta ce samun mai horo irinsa sai an tona. Ya yi wani abu mai kama da murmushi.

Sai ya ɗago ya leƙa bayanmu, wajen ƙofa. Ya kalli gefen hagunsa, inda babu kowa. Ya cire hannu daga kan Biddy, ya ɗaga yatsu biyu yana kallon Noelene.

Ita kuwa ta kalle ni. Na cire hulata na durƙusa a gaban keken don idonmu ya haɗu.

"Baba Clarrie, Tip ya mutu. A hannuna ya mutu. Na ajiye masa abinci a ƙasa, ya ƙi ci, na ɗauka ciwo ne. Ya bi abin da ka koya masa har ƙarshe, ni ne ban gane ba. Ni na ce a yi masa allura."

Ya daɗe yana kallona. Na so a ce yana da bakin da zai zage ni, da na fi samun sauƙi. Yatsun nan biyu suna nan a tsaye. Can sai ya lanƙwasa ɗaya a hankali, ya bar ɗaya.

Noelene ta buɗe jakarta ta ciro abin wuyan Tip. A iya sanina ba ta taɓa sauke ko ɗaya daga wayar barandarta ta ba wani ba. Ta ɗora masa a kan bargo. Ya jawo shi ya damƙe, Biddy ta miƙa hanci ta shinshina fatar, ta koma ta kwantar da kai a gwiwarsa. Muka zauna tare da shi har aka zo mayar da shi ɗaki, bai saki abin wuyan ba.